Kundin atisaye: gina ƙarfi da gudu kafin gasar Nuwamba

2 ga Satumba, 2024

An buɗe zangon shiri yau. Rukunin da ke hannuna gauraye ne: 'yan tseren mita 100 da 200, masu dogon tsalle, sai wasu 'yan ƙwallon ƙafa da kocinsu ya turo a ƙara musu gudu. Maza da mata, yawancinsu matasa. Gasar farko ta faɗo a tsakiyar Nuwamba.

Awo kawai aka yi. Gudun mita 30 daga tsaye, a ga yadda mutum ke tashi. Gudun mita 20 bayan ya riga ya ɗauki wuta, a ga ƙololuwar gudunsa. Tsalle gaba daga tsaye da ƙafa biyu. Sai tsugunno da ƙarfe a kafaɗa ga waɗanda suka saba, ban da sababbi.

Agogon hannu a aljihu na bar shi. Yatsan mutum yakan makara wajen dannawa a farko, shi ya sa a tseren mita 100 ake ƙara daƙiƙa 0.24 a kan lokacin hannu kafin a kwatanta shi da na na'ura. Ci gaban da nake fata a mita 20 bai ma kai rabin haka ba, to ta yaya agogon hannu zai gan shi? Da waya muka ɗauka, a tsarin da ke ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa guda, aka kafa ta daidai saitin layi, daga baya na zauna na ƙirga hotunan. Aikin yana da cin rai, amma ba ya yi wa kowa alfarma.

Mutum biyu suka tsaya mini a rai. Akwai wani ƙaƙƙarfa, ƙirji cike, wanda ya fi kowa ɗaga nauyi amma a gudun mita 20 tsakiya ya zo. Akwai kuma wata siririya mai dogon tsalle, da ƙyar take tsugunnawa da sandar ƙarfe tsura, amma in ta taka ƙasa sai ka rantse ba ta taɓa ta ba. Shi da sauran aiki kafin ƙarfinsa ya zama gudu, ita kuma tana da gudun amma babu abin da zai riƙe shi. Takardar atisaye ɗaya ba za ta yi musu ba.

11 ga Satumba

Ɗakin ƙarfe. Makonnin farko na koyon tsayuwa ne: inda tafin ƙafa zai zauna, yadda baya zai miƙe, yadda ake cika ciki da numfashi kafin a sauka. Abu huɗu nake maimaitawa, tsugunno, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, hawa akwati da ƙafa ɗaya, da jan jiki sama a sanda. Sandar maza kilo 20 ce, ta mata 15, kuma wasu har yanzu ban sa musu faifai ko ɗaya ba.

"Koci, a ƙara mini mana, wannan ai wasa ne." Kullum sai na ji ta. Amsata ba ta canzawa: yi mini sau biyar yadda na farkon ba zai bambanta da na ƙarshen ba, mako mai zuwa na ƙara maka kilo biyu da rabi.

Nauyin da sababbi ke ɗagawa yana hawa da sauri, har wani ya fara duba dantsensa a madubi. Na gaya masa gaskiya: ba tsoka ce ta ƙaru ba tukuna. A makonnin farko jijiyoyi ne ke koyon aikin, ƙwaƙwalwa na koyon kiran ƙarin zaren tsoka a lokaci guda, tana kuma koyon sassauta tsokokin da ke ja ta ɗaya ɓangaren. Girman tsoka sai daga baya. Wannan ma ya fi mini, domin ɗan tsere ba ya bukatar naman da zai ɗauka ya yi ta gudu da shi.

20 ga Satumba

Yau na tara su a gefen fili na yi musu bayanin da ya kamata kowane ɗan tsere ya ji tun da wuri, don na gaji da jin ana cewa "ka ƙara saurin ƙafa".

A shekarar 2000, Peter Weyand da abokan aikinsa a Amurka suka auna mutane masu bambancin gudu a kan na'urar gudu mai auna ƙarfin taku. Abin da suka gano ya ba mutane da yawa mamaki. Lokacin da ƙafa ke ɗauka a iska kafin ta dawo gaba kusan ɗaya ne ga mai gudu da marar gudu. Bambancin yana ƙasa: mai gudu yana dukan ƙasa da ƙarfi mai yawa idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, kuma yana gama dukan cikin ɗan lokaci. Gwanayen duniya, in suna ƙololuwar gudu, ƙafarsu ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa ba.

To ga inda matsalar ɗakin ƙarfe take. Tsoka tana bukatar wajen kashi uku cikin goma na daƙiƙa, ko fiye, kafin ta fitar da dukan ƙarfinta. Mai tsugunno da nauyi yana da wannan lokacin har da ragi. Mai gudu ba shi da shi. Don haka tambayar ba ita ce nawa kake ɗagawa ba, nawa ne daga cikin ƙarfin nan ke isa ƙasa kafin ƙafar ta tashi? Ina cikin magana ina kallon ƙaƙƙarfan nan, shi ma ya gane da shi nake.

Na kawo musu Usain Bolt saboda kowa ya san shi. A Berlin, ranar 16 ga Agusta 2009, ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.58 da taku 41, alhali abokan karawarsa sun fi shi yawan taku. Tsakanin mita 60 da 80 ya fi sauri, ya ci mita 20 ɗin nan a daƙiƙa 1.61, sama da kilomita 44 a awa ke nan. Nan take wani ya ce ashe tsawon taku ne sirrin, bari ya riƙa miƙa ƙafa. Wannan ita ce fahimtar da nake tsoro. Takun Bolt ya yi tsawo ne don ƙasa ta tunkuɗo shi da ƙarfi, ga kuma tsayinsa, ba don yana laluben gaba da ƙafa ba. Wanda ya miƙa ƙafa ya dira da diddige can gaban jikinsa, birki yake taka wa kansa a kowane taku, kuma tsokar bayan cinyarsa ce za ta biya.

Abin da nake so su gani a bidiyonsu: ƙafa ta sauko daga sama ta daki ƙasa kusa da ƙarƙashin ƙugu, idon sawu a ƙage, jiki a miƙe. Ban cika ba su umarni da yawa ba. Kalma ɗaya ko biyu ta isa, kamar "daki ƙasa" ko "yi tsawo". In ka ɗora wa mutum abu biyar a kai, sai ya ɗaure, kuma ɗaurarren jiki ba ya gudu.

30 ga Satumba

Kocin 'yan ƙwallo ya zo kallo, bai ji daɗin abin da ya gani ba. Yaransa sun yi mita 40, sun dawo suna tafiya a hankali, sun tsaya minti huɗu suna hira. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ni fa gudu na ce a ƙara musu, na ga hutawa ake yi. Ko gumi babu."

Na fahimce shi. Da yawanmu a haka aka taso da mu: in ɗan wasa bai yi haki ba, bai kama gwiwa ba, ba a yi aiki ba. Amma man da tsoka ke ƙonawa a gudun ƙarshe-ƙarshe, wanda ake kira fosfokiriyatin, kaɗan ne, cikin 'yan daƙiƙoƙi yake yin ƙasa sosai, kuma yana cin minti uku zuwa biyar kafin ya kusa cikowa. In ka tayar da yaro bayan daƙiƙa talatin, zai yi gudu, amma ba gudunsa na gaskiya ba. Ka koya masa jure gajiya, wanda shi ma abu ne mai amfani a ranarsa, amma ba ka ƙara masa sauri ba. Ƙa'idar da nake bi tsohuwa ce a wurin masu horar da 'yan tsere: kowane mita 10 na cikakken gudu, hutun minti ɗaya.

Tsarin makon ma a kan haka na gina shi. Charlie Francis, kocin nan na Kanada, shi ya yaɗa rabon ranaku gida biyu: ranar zafi, inda gudu ke kai kashi 95 cikin ɗari ko fiye, da ranar sauƙi, inda ba a wuce kashi 75. Tsakiyar nan ya ce a guje ta, don ta yi sanyi a ce tana gina sauri, ta kuma yi zafi a ce hutu ce. Tsakanin ranakun zafi a bar aƙalla awa 48. Sunansa ba ya zuwa ba tare da na Ben Johnson ba, wanda aka ƙwace wa zinaren mita 100 a gasar Olamfik ta 1988 a Seoul saboda ƙwayar ƙara kuzari, kuma Francis da bakinsa ya amsa cewa yana da hannu. Wannan ya sa nake ɗaukar tsarin, amma yawan aikin da 'yan wasansa ke yi nake rage shi sosai. Jikin da ba a taimaka masa da ƙwaya ba, ba ya farfaɗowa da wannan saurin.

Namu: Litinin da Juma'a gudu mai zafi, sai ƙarfe bayansa a rana guda. Laraba tsalle-tsalle da ɗan gajeren tashi. Talata da Alhamis gudu mai sauƙi a kan ciyawa da aikin ciki da baya. Gudu kullum kafin ƙarfe, ba bayansa ba.

Kocin bai gamsu duka ba. Mun rabu a kan zai rage musu zagayen fili a ranakun da suke zuwa wurina.

4 ga Oktoba

Makon sauke kaya. An rage yawan aiki kusan rabi, nauyi da saurin suna nan. Wasu sun ɗauka fushi nake yi da su.

9 ga Oktoba

Ɗaya daga cikin 'yan mita 200 ya dafa bayan cinyarsa bayan gudu na uku, ya ce ba komai, ɗan ja ne kawai. Na ce ya sa rigarsa. Ya roƙa, "Koci, saura ɗaya tak." A irin wannan ɗayan ne ake rasa wata biyu. Na tura shi wurin mai duba raunin 'yan wasa, aka ce tsokar ba ta yage ba, amma a sassauta.

Tsokar bayan cinya ita ce ta fi yagewa a wurin masu gudu, kuma akasari a wuri ɗaya abin ke faruwa: lokacin da ƙafa ta wulla gaba tana shirin dira, tsokar tana miƙewa tana kuma riƙe ƙwauri a lokaci guda. Don haka ƙarfin da take bukata shi ne na riƙewa tana tsawo. Atisayen Nodik don wannan aka yi shi: mutum ya durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, ya riƙa faɗowa gaba a hankali, jiki a miƙe daga gwiwa zuwa kai, har sai ya kasa riƙewa ya tare da hannu. Wani babban gwaji da aka yi a kan 'yan ƙwallon Denmak sama da 900, aka buga a 2011, ya nuna raunin ya ragu ƙwarai a ƙungiyoyin da suka yi shi, sannan nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama a 2019 ya nuna ragin ya kai wajen rabi.

Duk da haka ƙungiyoyi da yawa ba sa yin sa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: yana sa tsamin jiki mai tsanani a farko, 'yan wasa sun tsane shi. Mu da kaɗan muka fara tun Satumba, zagaye biyu, sau huɗu-huɗu, ranar Juma'a bayan an gama komai, don tsamin ya ƙare a ƙarshen mako. Ban yarda shi kaɗai ya isa ba. Babu wani atisaye a ɗakin ƙarfe da ke ja wa tsokar nan irin abin da cikakken gudu ke ja mata, saboda haka wanda ya yi makonni bai taɓa ƙololuwar gudunsa ba, ranar gasa ce za ta zama ranar farko, kuma nan ake jin ɗas. Yaron da ya dafa cinya zai dawo ta gudu a tudu, inda taku ke gajarta, kafin ya koma fili.

18 ga Oktoba

Mun shiga kashi na biyu. A ɗakin ƙarfe an rage maimaici zuwa uku, nauyi ya hau, kuma ina tsayar da zagaye da zarar sandar ta fara tafiya a hankali, ko da mutum zai iya ƙarawa.

A fili, jan kaya. An ɗaura igiya a ƙugu, mita 15 zuwa 20. Da can ana cewa kada nauyin ya wuce kashi 10 cikin ɗari na nauyin ɗan wasa, don kada ya ɓata masa salon gudu. Aikin su Jean-Benoît Morin a Faransa ya sa mutane sun sake tunani: a lokacin tashi, ba yawan ƙarfi kawai ke aiki ba, har da inda ƙarfin ya dosa. Gwani yakan daɗe yana tura ƙasa baya, wanda bai ƙware ba yakan miƙe tsaye tun a taku na uku. Kaya mai nauyi yana tilasta wa mutum ya kwanta gaba ya tura, ba sai na yi ta ihu ba. 'Yan ƙwallo sun fi kowa cin moriyar wannan, tunda yawancin gudunsu a wasa gajere ne.

Sai dirowa daga akwati. Yuri Verkhoshansky na Tarayyar Sobiyet ne ya tsara ta a shekarun 1960: ka sauko daga tudu, ƙafa na taɓa ƙasa ka zabura sama. Agara da tsoka suna karɓar nauyin su mayar da shi nan take, kamar roba da aka ja aka saki. Ya yi ta ne don ƙwararru masu ƙarfi, ba don kowa ba, amma yanzu sai ka ga an ɗora yaro a akwati mai tsayin ƙugu don bidiyon ya yi kyau. Namu santimita 30 zuwa 40 ne. Da kunne nake aunawa. In na ji tas, gajere, ya yi. In na ji tim, diddige ya zauna, gwiwa ta lanƙwashe, akwatin ya yi masa tsawo ko kuma ya gaji.

Siririyar nan tana yin sa kamar da shi aka haife ta, amma ita na fi taƙaita wa, don ƙwaurinta ya fara ciwo. Ƙaƙƙarfan kuwa tim yake yi. Shi na mayar da shi ƙananan tsalle a wuri ɗaya, gwiwa kusan a miƙe.

28 ga Oktoba

An maimaita awon farko, a fili ɗaya, da takalma iri ɗaya, da lura da iska.

Mita 30 daga tsaye: kusan kowa ya matsa gaba, 'yan ƙwallo sun fi. Tsalle gaba ma haka. Gudun mita 20 na ƙololuwa shi ne mai taurin kai, kamar yadda aka san shi. Wasu sun rage 'yan hotuna, wasu suna inda suke. Siririyar ta fi kowa samun ragi, kuma yanzu tana tsugunnawa da nauyin da ya kusa na jikinta. A wurinta ƙarfin ya zama gudu kai tsaye, don can ne giɓin yake.

Ƙaƙƙarfan ya ƙara nauyi a tsugunno, tashinsa ya gyaru, ƙololuwar gudunsa ko motsi. Ransa ya ɓaci. Na nuna masa bidiyonsa a hankali: ƙafarsa na daɗewa a ƙasa, ƙugunsa na nutsewa a kowane taku. Ƙarin kilo goma a sanda ba zai gyara wannan ba. Daga yau ƙarfensa sau ɗaya a mako, don riƙe abin da yake da shi kawai, lokacin da ya ragu ya tafi ga gudu a kan ƙananan shingaye da aka jera a tazarar takunsa, da gudun ƙololuwa da cikakken hutu. Ya ce, "Koci, ƙarfina zai zube." Na ce ba zai zube ba muddin nauyin bai sauka ba, yawan ne kawai muka rage. Na san dalilin damuwarsa: a ɗakin ƙarfe shi ne sarki, a fili kuwa ɗaya ne cikin mutane.

Mutum biyu sun koma baya a komai. Na duba littafin da kowa ke rubuta wahalar atisaye daga 0 zuwa 10, a ninka da mintunan da aka yi. Nasu ya yi sama alhali aikin bai ƙaru ba. Da na bincika, ɗaya barcinsa bai wuce awa biyar, ɗayan kuma yana zuwa wani wurin da yamma yana ƙara ɗaga ƙarfe a ɓoye, wai don ya riga sauran. Na farkon mun yi magana game da danna waya da dare. Na biyun na ba shi zaɓi, ko tsarina ko nasa.

6 ga Nuwamba

Mai ciwon cinya ya dawo cikakken gudu, babu ƙorafi. Kocin 'yan ƙwallo ya aiko a tambaye ni ko zan karɓi wasu.

An fara atisayen tashi daga matoka, wato abin da ɗan tsere ke tokare ƙafa da shi a layin tashi, da ƙarar bindiga. Dokar tsere ta ce wanda ya motsa kafin daƙiƙa 0.100 bayan ƙara ya yi satar tashi, kuma tun 2010 sau ɗaya tak ake yi a kore ka. Bolt kansa haka ta same shi a wasan ƙarshe na mita 100 a Daegu ta Koriya ta Kudu a 2011. Don haka nake bambanta tsawon jira kafin ƙarar, kada kowa ya saba da cinka.

11 ga Nuwamba

Makon gasa. Tun makon jiya na fara janye aiki. Abin da nazarce-nazarce suka fi haɗuwa a kai shi ne a yi kamar mako biyu ana ragewa, yawan aiki ya sauka da wajen rabi, amma zafinsa da yawan ranakun fitowa su tsaya yadda suke. A wannan makon babu abin da zan iya ƙara wa kowa, sai dai in rage masa in ban yi hankali ba, kuma 'yan wasa in suka ji jikinsu ya yi sakayau sai su fara neman ƙari. Yau ma sai da na karɓe wa mutum biyu takalman ƙusa.

Litinin, yau: tashi daga matoka mita 30 sau uku, mita 60 sau ɗaya, tsugunno zagaye biyu sau bibbiyu. Talata hutu. Laraba gudun ƙololuwa mita 20 sau biyu, masu dogon tsalle su daidaita takun zuwa allon da ake takawa a yi tsalle. Babu Nodik, babu akwati, babu wani sabon abu. Alhamis ɗumama jiki kawai. Juma'a tashi biyu gajeru a tashi a tafi gida.

Ƙaƙƙarfan zai yi mita 100 duk da na san sauyin da muka yi masa bai isa ya nuna ba tukuna. Ina son bidiyon mita 40 ɗinsa na ƙarshe daga gefe. Siririyar tsalle kawai za ta yi, na cire ta daga tseren miƙa sanda saboda ƙwaurin. Zangon gaba zan tsara shi ne bayan na ga bidiyon Asabar.